Sakayyar Ƙasar da Ta Fara Yin Kururuwa

A watan Nuwamba na 2021, wani masanin ƙwayoyin cuta mai suna Sikhulile Moyo da abokan aikinsa a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke Gaborone, babban birnin Botswana, sun ci karo da wani samfurin korona wanda sauye-sauyen da ke jikinsa suka wuce duk abin da suka saba gani. Ba su ɓoye ba. Suka sanar da ma'aikatar lafiyar ƙasarsu, suka ɗora bayanan a rumbun da masanan duniya ke dubawa, sannan takwarorinsu na Afirka ta Kudu, waɗanda su ma suka ga irin wannan samfurin, suka kira taron manema labarai ranar 25 ga wata suka shaida wa duniya. A daren ranar Birtaniya ta sanar da dakatar da jiragen sama daga ƙasashe 6 na kudancin Afirka, Tarayyar Turai da Amurka da wasu ƙasashe da dama suka bi sahu cikin 'yan kwanaki. Ba a yi mako guda ba hukumomin lafiya na Holan suka bayyana cewa sun gano wannan nau'in, wanda aka raɗa wa suna Omikron, a cikin samfuran da aka ɗauka a ƙasarsu ranakun 19 da 23 ga Nuwamba, wato kafin kowa ya rufe filin jirginsa. Rufewar ba ta tsayar da cutar ba, domin ta riga ta shiga. Abin da ta yi shi ne karya kasuwar yawon buɗe ido ta yankin a daidai lokacin hutun ƙarshen shekara, da kuma tsayar da jiragen da ke kawo sinadaran da ɗakunan gwajin ke buƙata domin ci gaba da aikin da ya amfani kowa.

Na fara da wannan labari ne domin a ganina da shi ya kamata a riƙa auna duk wani shirin haɗin kan ƙasashe na yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. Ana yin taruka a Jeniba, inda hedkwatar Hukumar Lafiya ta Duniya take, ana rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi, ana kafa asusu da kwamitoci, amma dukkan wannan ya ta'allaƙa ne a kan shawarar da mutane ƙalilan za su yanke a ƙasar da cuta ta fara ɓulla, wato ko su sanar da duniya yau, ko su ɗan dakata su ga yadda al'amarin zai kaya. Ministan lafiyar da aka kawo wa rahoton wasu mace-mace da ba a gane kansu ba a wani lungu na ƙasarsa ya san abin da zai tarar a zauren majalisar ministoci. Na kuɗi zai tuna masa bashin da ke kan ƙasar, na kasuwanci zai yi maganar kayan da ke jiran jirgi a tashar ruwa, shugaban ƙasa kuma wataƙila zaɓe yana gabansa. Idan abin da suka gani a baya shi ne duk wanda ya faɗi gaskiya ana rufe masa ƙofa a bar shi da asara, to za su ja ƙafa, kuma kowane mako na jan ƙafa yana iya cin dubban rayuka a ƙasashen da ba su ma san ana yi ba. Saboda haka nake ganin babban aikin gwamnatoci a wannan fanni shi ne su tsara al'amura ta yadda faɗin gaskiya da wuri zai fi ɓoyewa amfani ga wanda ya faɗa.

Matsalar ta daɗe. Taron farko da ƙasashe suka yi a kan annoba an yi shi ne a birnin Paris a 1851, kwalara ce ta tara su, amma abin da ya fi damun mahalartan shi ne asarar da killace jiragen ruwa ke jawo wa fatake, kuma tun daga lokacin lafiya da kasuwanci suke ja-in-ja. Da kwalara ta ɓarke a Peru a 1991, ƙasashe suka daina sayen kifinta da sauran kayan abincinta, masu yawon buɗe ido suka ƙaurace mata, har aka ƙiyasta asarar da ta yi a kan dala miliyan 770. Bayan shekara 3, da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a birnin Surat na Indiya, waɗanda suka mutu ba su kai 60 ba, amma an soke jirage, an dakatar da karɓar kayayyakin Indiya a wurare da dama. Duk gwamnatin da ta kalli waɗannan abubuwa biyu, abin da za ta koya shi ne ta riƙa kame bakinta.

Cutar SARS ce ta nuna wa duniya abin da kame bakin ke jawowa. Ta fara ne a lardin Guangdong na kudancin Sin a watan Nuwamba na 2002, hukumomi kuma suka yi watanni ba su bayyana girmanta ba. Ranar 21 ga Fabrairu 2003 wani likita da ya yi jinyar masu cutar a can ya sauka a otal ɗin Metropole da ke Hong Kong domin halartar bikin aure, aka ba shi ɗaki a hawa na 9, ya kwana ɗaya kacal kafin a kwantar da shi a asibiti. Baƙin da suka kwana a wannan hawa, waɗanda ba su ma san shi ba, suka hau jirage zuwa Hanoi da Singafo da Toronto ɗauke da cutar a ƙirjinsu. A Hanoi wani likitan Hukumar Lafiya ta Duniya ɗan Italiya, Carlo Urbani, ya duba ɗaya daga cikinsu, ya gane cewa wannan ba murar da aka sani ba ce, ya matsa wa hukumomin Biyetnam lamba su killace asibitin, suka kuma saurare shi. Shi kansa ya kamu, ya rasu a Bankok ranar 29 ga Maris, amma Biyetnam ta zama ƙasa ta farko da ta shawo kan cutar. Kafin a ga bayan SARS ta kama mutane sama da 8,000, ta kashe 774.

Daga nan ne aka sake rubuta Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2005, suka fara aiki a watan Yuni na 2007, kuma ƙasashe 196 suka ɗaure kansu da su. A rubuce dokokin ba su da laifi, domin ciniki ne na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Ƙasar da ta ga abin da zai iya tsallake iyaka za ta tantance shi cikin sa'a 48, ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin sa'a 24 bayan tantancewar. Sauran ƙasashe kuma sun yi alkawarin ba za su ɗauki matakin da ya wuce kima a kan tafiye-tafiye da kasuwanci ba, idan kuwa sun ɗauka, wajibi ne su kawo hujjar kimiyya. Rabin farko na cinikin shi ake sa wa ido, ana kuma yi wa wanda ya saɓa shi ca. Rabi na biyu kuwa ba a tuna shi sai an riga an rufe iyaka, domin babu hukunci ko tara a kan wanda ya karya shi, kuma masu karya shin galibi su ne masu ƙarfin da ba a iya tuhuma.

Ebolar da ta addabi Afirka ta Yamma ta fara ne a ƙauyen Meliandou na kudancin Gini a watan Disamba na 2013, ba a gane ta ba sai a watan Maris na 2014. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi ta gargaɗi, har a watan Yuni ta ce abin ya gagari kundila, amma sai ranar 8 ga Agusta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci. Wasiƙun cikin gida na hukumar da kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo daga baya sun nuna cewa daga cikin dalilan jinkirin akwai gudun ɓata wa gwamnatocin yankin rai da tsoron abin da ayyanawar za ta yi wa tattalin arzikinsu. Tsoron kuwa ba na banza ba ne, domin ƙasashe sama da 40 sun taƙaita zirga-zirga duk da shawarar hukumar cewa kada a yi, kamfanonin jiragen sama suka janye, likitoci da kayan kariya suka sha wahalar shiga Gini da Laberiya da Saliyo. Mutane sama da 28,000 suka kamu, sama da 11,000 suka mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali a nan shi ne yadda tsoron muguwar sakayya ya kama har hukumar da aka kafa domin ta yi kururuwa.

Ba ina cewa rufe iyaka ba ya taɓa yin amfani ba ne. New Zealand ta rufe nata ga kusan kowa a watan Maris na 2020, sannan ta riƙa killace masu dawowa gida a otal na tsawon mako 2, kuma hakan ya ceci rayuka masu yawa kafin rigakafi ya iso. Amma matakin da ya shafi kowa, wanda aka haɗa shi da gwaji da killacewa, daban yake da ware ƙasar da ta yi magana a rufe mata ƙofa ita kaɗai, alhali cutar tana wasu wuraren da ba su duba ba ko ba su faɗa ba. Wannan horo ne, ko da masu yin sa ba su yi nufin haka ba. Idan dole ta sa a taƙaita zirga-zirga, to a bar hanyar likitoci da kayan aiki a buɗe, a sa wa matakin wa'adi, kuma a tanadi asusun da zai rage wa ƙasar da abin ya shafa raɗaɗin asara cikin kwanaki. Asusun yaƙi da annoba da aka kafa a Bankin Duniya a 2022 yana ba da kuɗi ne domin shiri kafin cuta ta zo, kuma abu ne mai kyau, sai dai bai ɗauki wannan nauyi ba.

Wani ɓangaren na sakayyar shi ne rabon abin da aka samu daga bayanan da aka bayar. A 2007 Indunusiya, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa yawan waɗanda murar tsuntsaye ta kashe, ta daina aika samfuran ƙwayar cutar zuwa ɗakunan gwajin da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta kafa hujja da cewa ana karɓar samfuran kyauta daga jikin marasa lafiyarsu, a miƙa su ga kamfanonin haɗa magunguna su yi rigakafi su mallake shi, sannan a dawo a sayar wa Indunusiya a farashin da ba za ta iya biya ba. Ni ba na ganin riƙe samfurin cuta mai kisa hanya ce mai ɓullewa, domin hatsarin na kowa ne har da 'yan ƙasarta. Amma ƙorafin nata gaskiya ne, kuma murar aladu ta 2009 ta tabbatar da shi, lokacin da ƙasashe masu arziki suka riga kowa kama rigakafin da kamfanoni za su iya yi, na taimako bai isa ƙasashe matalauta ba sai da guguwar ta lafa. Sai a 2011, bayan shekara 4 ana tattaunawa, aka cimma tsarin da ya wajabta wa kamfanonin da ke amfani da samfuran su riƙa biyan kuɗi duk shekara, su kuma ware wani kaso na rigakafinsu idan annoba ta zo. Tsarin ya tsaya ne a kan mura kaɗai.

Shi ya sa da korona ta zo babu wata ƙa'idar rabo da ta ɗaure kowa. Wani masani a Shanghai, Zhang Yongzhen, ya yarda aka saki taswirar ƙwayoyin halittar cutar a intanet ranar 11 ga Janairu 2020, kuma daga wannan taswira kamfanoni suka fara aikin da ya haifar da rigakafi cikin ƙasa da shekara guda. Ilimin ya zagaya duniya kyauta cikin sa'o'i, allurar kuwa sai mai kuɗi a hannu. Kanada ta yi odar abin da zai ishi al'ummarta kusan ninki 5. Shirin COVAX da aka kafa domin raba rigakafi bisa adalci ya kai kayansa na farko Ghana ranar 24 ga Fabrairu 2021, allurai 600,000, amma ya dogara ƙwarai da kamfani guda a Indiya, kuma da cutar ta turnuƙe Indiya bayan 'yan makonni gwamnatinta ta dakatar da fitar da rigakafi, shirin ya yi watanni yana ɗingishi. An yi niyyar raba allurai biliyan 2 kafin ƙarshen 2021, ba a kai rabin haka ba. Har ta kai ga ana ɗura rigakafin Johnson & Johnson a kwalabe a wata masana'anta a Afirka ta Kudu ana lodinsa zuwa Turai. A ranar da Moyo da abokan aikinsa suka ba duniya labarin Omikron, waɗanda aka yi wa cikakken rigakafi a nahiyar Afirka ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali a Turai da Amurka ana yi wa mutane allura ta 3.

Yarjejeniyar yaƙi da annoba da Babban Taron Lafiya na Duniya, wato taron ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, ya amince da ita ranar 20 ga Mayu 2025, bayan fiye da shekara 3 ana kai-komo, ƙoƙari ne na gyara wannan rabon. A cikinta akwai tanadin cewa kamfanonin da suka shiga tsarin za su nufi ware wa Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 20 cikin 100 na rigakafi da magunguna da kayan gwajin da suke sarrafawa a lokacin annoba, aƙalla kashi 10 kyauta, saura a farashi mai sauƙi. Ina goyon bayanta, kuma ina ganin kowace majalisar dokoki ya kamata ta amince da ita idan aka kawo mata. Amma a ranar da aka tafa mata, sashen da zai yi bayani dalla-dalla a kan musayar samfura da rabon amfani, wanda nan ne gizo ke saƙa, an ɗage shi zuwa wata tattaunawar, kuma ko bayan kammala shi sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Kashi 20 ɗin ma ba zai wadatar ba matuƙar masana'antun suna tattare a ƙasashe 'yan kaɗan, domin ranar da gobara ta kama gidan mai rijiya, wutar gidansa zai fara kashewa, kamar yadda Indiya ta yi, kuma da wuya a ga laifinta.

Masu adawa da irin wannan yarjejeniya suna cewa za ta miƙa wa wasu ma'aikata a Jeniba ikon kulle ƙasashe da tilasta allura. Damuwa a kan 'yancin ƙasa ba abin raini ba ce, sai dai matanin ya faɗa ƙarara cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta da ikon umartar wata ƙasa ta kulle jama'arta, ko ta yi musu rigakafi dole, ko ta sauya dokokinta. Ko tawagar bincike ba za ta iya shigar da ita wata ƙasa ba sai da izinin gwamnati, shi ya sa tawagar masanan da ta je Wuhan neman asalin korona sai a watan Janairu na 2021 ta samu shiga. Abin da ya fi ba ni tsoro game da hukumar shi ne rauninta, kuma raunin daga aljihu ya fara. Shekara da shekaru kuɗin da ƙasashe ke biya na wajibi bai kai kashi 20 cikin 100 na kasafinta ba, sauran gudummawa ce ta ganin dama, wadda galibi mai bayarwa ne ke faɗin inda za a kashe ta. Hukumar da ke rayuwa a haka dole ta riƙa tauna magana kafin ta faɗa wa masu ba ta kuɗi gaskiya. A watan Janairu na 2025 kuma Amurka, wadda a lokacin ta fi kowa bayarwa, ta sanar da ficewarta, hukumar ta zaftare kasafinta na 2026 zuwa 2027 daga dala biliyan 5.3 zuwa 4.2. Akwai abin da za a soki hukumar a kansa, kamar jinkirin Ebola da jinkirin amincewa cewa korona tana bin iska, amma wanda ya fice ba shi da bakin gyara, kuma ministan nan da ke son ya faɗi gaskiya yana buƙatar ya samu wanda zai amsa kiransa ya turo masa taimako.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, inda a ganina alkawuran ƙasa da ƙasa suka fi mutuwa, wato cikin gwamnatin kowace ƙasa. Ministan lafiya ne ke zuwa Jeniba ya sa hannu, amma ba shi ke rufe filin jirgi ba, ba shi ke hana fitar da takunkumin fuska ko rigakafi ba, kuma ba shi ke kula da kaji da shanu ba, duk da cewa kusan kashi 75 cikin 100 na sababbin cututtukan da ke kama mutane daga dabbobi suke fitowa. Idan babu ofishi ɗaya kusa da shugaban ƙasa mai ikon tara waɗannan ma'aikatu har bakinsu ya zo ɗaya, ƙasa tana iya ƙulla alkawari da safe ta kwance shi da yamma ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Amurka ta gwada hanyoyin biyu. A lokacin Ebola Shugaba Barack Obama ya naɗa Ron Klain, wanda lauya ne ba likita ba, domin ya haɗa kan ma'aikatun lafiya da tsaro da harkokin waje, bayan nan aka kafa sashe na musamman a majalisar tsaron ƙasa, kuma a watan Nuwamba na 2016 aka fitar da umarnin shugaban ƙasa da ya fayyace aikin kowace ma'aikata a shirin tsaron lafiyar duniya da aka ƙaddamar a 2014. A 2018 aka rushe sashen aka raba aikinsa ga wasu ofisoshi, a 2021 aka dawo da shi, 2025 kuma ta zo da rushe hukumar tallafi ta USAID. Irin wannan tufka da warwara tana sa ƙasashen da ke neman abokin aiki su rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Wani ma'auni da masana suka fitar a watan Oktoba na 2019 ya sa Amurka ta ɗaya, Birtaniya ta biyu a cikin ƙasashe 195 wajen shirin tunkarar annoba, kuma bayan 'yan watanni aka ga cewa yawan ɗakunan gwaji da tsare-tsaren da ke rubuce ba ya maye gurbin jagoranci. Gyaran da aka yi wa Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2024 ya buƙaci kowace ƙasa ta naɗa hukuma guda da za ta haɗa kan ma'aikatunta wajen aiwatar da dokokin, kuma amfanin wannan tanadi ya dogara ne a kan ko za a ba hukumar kasafin kanta da damar ganin shugaba kai tsaye.

Abin da ya faru a Legas a 2014 ya nuna yadda shirin da ke tsaye tun kafin buƙata yake aiki. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a filin jirgin birnin jiki ba daɗi, aka kai shi wani asibiti mai zaman kansa, inda Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta kuma ƙi ta sallame shi duk da matsin lambar da aka yi mata. Cikin 'yan kwanaki aka kafa cibiyar ba da umarni guda, aka ɗauko ma'aikata da tsarin da aka gina tun 2012 domin yaƙi da shan inna, gwamnatin tarayya da ta jiha da hukumomin ƙasashen waje suka zauna ƙarƙashin jagora ɗaya. Masu bin sawu suka lissafa mutane kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, suka riƙa zuwa ƙofar kowannensu kullum da ma'aunin zafin jiki har kwana 21, ziyarar da jimillarta ta kai kusan 18,500. Cutar ta tsaya a kan mutane 20 a faɗin ƙasar, 8 suka rasu, ciki har da likitar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya ceci birnin an gina shi ne da kuɗin gida da na waje tun ba a san za a buƙace shi domin Ebola ba.

An taɓa yin lokacin da duniya ta fahimci wannan lissafi sosai, kuma a tsakiyar yaƙin cacar baka ne. Tarayyar Sobiyet ce ta kawo shawarar kawar da agana a Babban Taron Lafiya na 1958 ta bakin Viktor Zhdanov, Ba'amurke Donald Henderson ya jagoranci aikin daga 1967, Sobiyet ta ba da rigakafi mai ɗimbin yawa, Amurka ta ba da kuɗi da ƙwararru, alhali makaman ƙasashen biyu suna saitin juna. Da aiki ya zo gangara, masu tafiyar da shi sun gane cewa babban abokin gabarsu shi ne ɓoyewa, domin iyalai suna tsoron killacewa, jami'an lardi kuma suna tsoron fushin na sama idan aka ji cuta a yankinsu. Sai suka juya al'amarin, suka sa lada ga duk wanda ya kawo labarin mai agana. A watan Oktoba na 1975, a tsibirin Bhola na Bangaladash, wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Bilkisunnessa ta kai rahoton wata ƙaramar yarinya, Rahima Banu, da ƙuraje suka feso wa. Aka sa masu gadi a ƙofar gidan dare da rana, aka bi gida-gida a kewayen ana yi wa mutane lamba, Rahima ta warke, kuma ita ce ta ƙarshe da nau'in agana mai tsanani ya kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a. Bayan shekara 2 aka samu mai ɗauke da nau'i mai sauƙi na ƙarshe a garin Marka na Somaliya, ranar 8 ga Mayu 1980 kuma aka ayyana kawar da cutar daga doron ƙasa. Bilkisunnessa kuwa an biya ta ladan da aka yi alkawari, taka 250 na kuɗin Bangaladash.